Da wane aiki ya kamata a fara idan ana son taimakon al'ummar da sauyin yanayi ya fi addaba?

Sabuwar_Ma'aikaciya

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san wannan aiki ciki da bai. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, Pakistan kuwa ba ta kai kashi 1 ba, amma ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33 a can. Wannan rashin adalci kowa ya san shi. Abin da nake nema shi ne na aiki.

A ce ƙaramar ƙungiya ta samu tallafi na shekara uku, ba mai yawa ba, don ƙauyuka goma zuwa ashirin da fari ko ambaliya ke damu. Da me za ta fara? Duk takardar neman tallafi da ka buɗe za ka ga dashen itatuwa, rijiyar burtsatse, iri mai jure fari, inshora da taron wayar da kai. Wanne ne yake ɗorewa, wanne ne kuma yake mutuwa da zarar motar ƙungiya ta juya? Don Allah a ba ni bayani mai awo da adadi, a kuma faɗi inda aka saba yin tuntuɓe.

Malam_Sandar_Awo

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a raba matsalar gida biyu: abin da ke kashe mutane cikin dare ɗaya, da abin da ke talauta su sannu a hankali. In akwai na farko a yankin, da shi za a fara, kuma ya fi sauran arha.

Bangladesh ce hujja. Guguwar Bhola ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Sidr ta 2007 ba ta kai 5,000 ba, Amphan ta 2020 kuwa ba ta kai 30 ba a ƙasar, bayan an kwashe sama da mutum miliyan 2. Guguwowin ba ƙarfinsu ɗaya ba, amma bambancin ya yi yawan da ba za a ce sa'a ba ce. Tun farkon shekarun 1970 gwamnati da ƙungiyar Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa-kai, yanzu sun haura 70,000, rabinsu mata, suna bi unguwa-unguwa da lasifika da tutoci. An kuma gina mafaka masu bene waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. Wannan ya sa ake kula da su, domin ginin da ba a shiga sai ranar masifa, ranar da aka buƙace shi ƙofarsa ta ci tsatsa.

Abin lura shi ne dalilin da ke hana mutane tashi ko da sun ji gargaɗi. Ba taurin kai ba ne. Mutum ba ya barin saniyarsa, yana tsoron a yashe masa gida, mace kuma ba za ta kwana ɗaki ɗaya da maza baƙi ba, babu makewayi nata daban. A 1991 matan da suka mutu sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa daga baya aka riƙa tayar da tudun ƙasa don dabbobi kusa da mafaka, aka ware wa mata ɓangarensu.

Ga ƙauyen da ke bakin kogi, ba sai an jira na'ura mai tsada ba. A kafa sandar awo a wata gada ko dutse da ke can sama, a shafa mata fenti kala uku. Kada a yi kalar da ka. A bi dattawa su nuna inda ruwa ya tsaya a jikin bango ko bishiya a manyan ambaliyoyin baya, a tambayi mutanen sama inda ya kai a wajensu a waɗannan shekarun, sannan a daidaita. A auna kuma awa nawa ruwan yake ɗauka daga sandar zuwa ƙauye. In bai kai awa uku ba, a ƙara matsawa da sandar can sama. Masu duba ta su zama biyu, hanyar isar da saƙo ma biyu, domin hasumiyar waya tana cikin abin da ke fara ɗaukewa. Kowace kala a ɗaura mata aiki, misali: rawaya, a hau da hatsi da takardu sama, a kora dabbobi tudu, ja, kowa ya fita. Saƙon da ya ce za a yi ruwa milimita 80 ba ya tayar da kowa daga barci. Sannan a rubuta sunan kowane tsoho da mai ciki da naƙasasshe, a gaban kowane suna a rubuta wanda zai ɗauke shi. A yi atisaye sau ɗaya kafin damina. A kuma faɗa wa mutane tun farko cewa wata rana za a ce su tashi ruwa bai zo ba; in ba a shirya zukata ba, gargaɗin banza biyu sun isa su kashe na uku.

Gargaɗi ba kuɗi a hannu rabin aiki ne. A Yulin 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta saki dala miliyan 5.2 saboda hasashen cikar kogin Jamuna a Bangladesh, Hukumar Abinci ta Duniya ta tura kimanin dala 53 ta waya ga gidaje sama da 20,000 kafin ruwa ya kai ƙololuwa. Da shi suka sayi abinci, suka yi hayar jirgin ruwa, suka kwashe dabbobi. An yi hakan ne domin tun kafin damina an amince da ma'aunin da zai sa a saki kuɗin, an kuma riga an yi rajistar gidajen. Ƙaramar ƙungiya ma za ta iya ware wani kaso ta rubuta: in ruwa ya taɓa rawaya, a tura.

Mai_Tassa

Malam ya yi maganar ruwa in ya yi yawa. Bari in ɗauki inda ya yi kaɗan, ko kuma ya sauko da ƙarfi ya wuce bai shiga ƙasa ba. A busassun yankuna matsalar sau da yawa ita ce ta biyun. Ƙasa ta zama faƙo, ruwan awa ɗaya ya gudu da ɗan takin da ke sama, bayan kwana huɗu shuka ta fara yaushi.

Maganin da ya fi tabbata shi ne tassa, wato ramukan da ake kira zai a Burkina Faso, waɗanda marigayi Yacouba Sawadogo ya inganta a yankin Yatenga tun wajen 1980. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 10 zuwa 20, tsakanin rami da rami 70 zuwa 80, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layi na farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka haƙo a tara ta a gefen gangare kamar baka, ba a sama ba; wanda ya tara ta a sama ya tare wa raminsa ruwa da hannunsa. Da rani ake haƙa, a zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe, gram 300 zuwa 500, 'yan makonni kafin ruwan farko. Gara za ta bi takin ta fasa faƙon da ramukanta, ruwa ya samu hanyar nutsewa. A gonar da ba ta ba da komai, ana samun kilo 300 zuwa 400 na hatsi a hekta a shekarar ƙarancin ruwa, fiye da tan ɗaya a shekara mai kyau.

To amma a yi lissafi kafin a yi alkawari. Hekta ɗaya tana cin rami 10,000 ko fiye, wato awa 300 zuwa 450 na haƙa a ƙasa mai tauri cikin zafi, da taki tan 3 in an yi tsimi. Talakan da ba shi da dabba ba shi da wannan taki, kuma da rani yakan tafi ci-rani. Ƙarshenta shi ake ɗauka haya ya haƙa wa mai hali, tasa gonar tana nan yadda take. Saboda haka kuɗin aikin ya tafi wajen biyan ladan haƙa a gonakin marasa ƙarfi, da amalanke, da diga, da ramin haɗa taki. Gara a yi rubu'in hekta da kyau kowace shekara. Kada a yi tassa a yashi, ramin zai rufta da ruwan farko. Kada a yi ta inda ruwan shekara ya wuce milimita 800 ko a ƙasa mai laka, shuka za ta ruɓe a tsaye. Ɗanyen kashin dabba kuma yana ƙona iri.

A fili mai ɗan gangare, rabin-wata, wato rami mai siffar rabin da'ira, ya fi sauri: faɗin mita 4, kimanin 313 a hekta, baki yana kallon inda ruwa ke fitowa. Jerin duwatsu na rage gudun ruwa kuma a bi layin da ke daidai wa daida, a fitar da shi da siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu masu awo, ba da ido ba. In layi ya karkace, ruwa zai taru a wuri ɗaya ya fasa, ya haifar da kwazazzabon da babu shi a da. Kuma daga sama ake farawa a gangaro.

Wani abu da injiniyoyi kan manta: faƙo ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore. Ƙungiyar mata za ta sha wahala shekara biyu ta farfaɗo da fili, a ta uku wani ya taso ya ce na kakansa ne. A rubuta yarjejeniya kafin a sa diga, da shaidu da hatimin hukuma, a faɗi shekara nawa. A kuma duba ko filin burtali ne ko mashaya, don kada a gyara wa manomi a toshe wa makiyayi.

Maganar iri kuwa, mai saurin nuna na kwana 70 zuwa 90 yana tserar da manomi in damina ta ɗauke da wuri. Illarsa biyu: in gona ɗaya ce ta nuna ita kaɗai, tsuntsayen yankin duka a kanta za su sauka, in kuma ruwa ya zarce, zangarniya ta yi fumfuna. A shuka shi a dunƙule, gonaki da yawa a jere, kuma kada a ce manomi ya watsar da irinsa na gado, ya raba gonar. Ga masu shinkafa a wurin ambaliya akwai Swarna-Sub1, wadda aka fitar a Indiya a 2009, tana jure nutsewa har kusan kwana 14. Ruwan da zai kwanta wata guda ya fi ƙarfinta. Sannan a sa ma'aunin ruwan sama a kowane ƙauye. Ƙa'idar da masana ke bi a Sahel ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a hasashen tsayawar ruwa fiye da mako guda a watan da ke biye, sannan a yi shuka. Iri da yawa yana salwanta ne a ruwan farko mai yaudara.

Hajiya_Mai_Lissafi

Ƙanwata, inshora kada ki sa ta a shekarar farko, wataƙila ma har ta uku. Irin wadda ake sayar wa ƙananan manoma ba ta zuwa duba gona. Ana kallon ma'auni ne, ruwan sama ko koren ciyawa ta tauraron ɗan'adam, in ya faɗi ƙasa da wani mataki a biya kowa. Wannan ya sa take da arha, shi ne kuma raunin ta, domin ma'auni yana iya cewa lafiya lau alhali rumbu wayam.

Malawi ta gani a 2016. Gwamnati ta biya kusan dala miliyan 4.7 ga hukumar inshorar Tarayyar Afirka, African Risk Capacity. Fari ya zo, miliyoyin mutane suka shiga yunwa, lissafin kwamfuta ya ce ba a kai matakin biya ba. Da aka bincika sai aka ga an gina lissafin a kan masara mai dogon zango, manoma kuwa sun koma mai kwana 90, wadda tsayawar ruwan ta same ta a daidai lokacin da ta fi buƙata. An gyara, aka biya dala miliyan 8.1, amma sai a farkon 2017, lokacin da mutane sun riga sun sayar da abin da za su sayar. In haka ta faru da gwamnati, ina ga manomi guda?

Inda ta yi amfani, kamar inshorar dabbobi da aka fara a Marsabit ta Kenya a 2010, ko shirin R4 da ya samo asali a Habasha inda talaka ke biyan kuɗin inshora da aikin gayya, za ki tarar an haɗa ta da tallafi da asusun ajiya, kuma tana rufe babban fari ne kawai. Ƙananan asarori na kowace shekara biyu ko uku, asusun adashi na ƙungiya ya fi dacewa da su.

Sabuwar_Ma'aikaciya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na lura babu wanda ya ambaci dashen itatuwa, alhali shi masu ba da tallafi suka fi so. A bar shi ke nan? Rijiyoyi fa?

Mai_Tassa

Ba a bar itace ba, Malama, dashe ne ake yi wa taka-tsantsan. A busasshen wuri yawancin dashe ba ya ganin damina ta biyu: awaki, gara, rashin ban-ruwa, da rashin wanda zai ce nawa ne. A riƙa ƙidaya wanda ya rayu bayan shekara uku, ba wanda aka sa a rami ba.

Abin da ya canja fuskar kudancin Nijar shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maradi a 1983. Kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manomi ya zaɓi kamar 40 a hekta, a kowanne ya bar reshe uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya sassabe ƙananan rassa har rabin tsayin kowanne. Adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. A koma duk bayan 'yan watanni. Tun da saiwa ta riga ta kai ga danshi, wannan yakan fi dashe saurin girma. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya fi kowanne daraja, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki. Amma abin bai kankama ba sai da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, ba za a ci su tara ba in sun sare reshe. In dokar daji ta wurin ta ce kowane itace na gwamnati ne, a fara da zama da jami'an gandun daji.

A yi hattara da baƙon itace. Prosopis juliflora da aka kai Baringo ta Kenya da yankin Afar na Habasha don tare hamada yanzu ya cinye makiyaya, ya toshe hanyar zuwa ruwa, cire shi ya fi dasa shi tsada. A bakin teku ma haka. Bayan igiyar tsunami ta 2004 an dasa itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, waɗanda ake kira mangurof, da yawa a Siri Lanka. Da aka duba wurare 23, a 9 babu ko ɗaya da ya rayu. An dasa su ne a can ƙasa inda ruwa ke rufe su yawancin yini. Sau da yawa buɗe hanyar da ruwan teku ke shiga da fita ya isa, su tsiro da kansu.

Injiniyan_Ruwa

Rijiyar burtsatse ba haƙa ta ke da wuya ba. A Afirka kudu da Sahara, kowane lokaci aka duba, wajen famfo ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya aiki. Dalilan sanannu ne. Ana haƙa da damina ko kaka lokacin da ruwa ke sama, a tsaya da wuri, bazara ta yi rijiya ta ƙafe. A sa a kwangila cewa za a yi gwajin zuƙa na aƙalla awa 24, a ƙarshen rani in da hali, kuma a biya ɗan kwangila bisa ruwan da aka auna. Injin da za a sa kada ya ja fiye da kashi biyu cikin uku na abin da gwaji ya nuna. Na sola yana da tarko: tun da ba a sayen mai, ana barinsa yana ja tun safe har yamma. A sa masa makunnin da ke kashe shi in tanki ya cika, da wanda ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. Babbar rijiya a makiyaya kuma tana tara garkuna wuri ɗaya duk shekara, ciyawar kewaye ta ƙare. A wurin ambaliya a ɗaga dandamali sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a wanke rijiyar da kulorin bayan kowace ambaliya kafin a sha. Tun ranar farko a fara karɓar kuɗin gyara, komai ƙanƙantarsa, a ajiye a asusu mai sa hannun mutum uku, a san makaniken da za a kira da inda ake samun kayan gyara.

Tara ruwan rufi yana da lissafi mai sauƙi. Faɗin rufi a murabba'in mita, sau ruwan shekara a milimita, sau 0.8. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a wurin da ake samun milimita 600 zai ba da lita 24,000. A arewa maso gabashin Brazil, shirin tankuna miliyan ɗaya da ya kankama a 2003 yana gina mai lita 16,000 don sha da girki na gida mai mutum biyar na kusan wata takwas. Mafi yawan lalacewa daga indararo take, ba daga tanki ba: a ba shi gangaren santimita ɗaya a kowace mita, a ɗaure shi sosai. A zubar da ruwan farko, lita ɗaya zuwa biyu a kowace murabba'in mita, shi ke ɗauke da ƙura da kashin tsuntsu. A sa raga a kowace kafa saboda sauro, murfi ya hana haske. Tankin siminti a jiƙa shi mako biyu zuwa uku bayan gini, kuma kada a kwashe shi ƙaf, a bar kamar santimita 15, in ya bushe ƙayau tsagewa yake.

Madatsar yashi, wato bangon da ke tara yashi mai riƙe ruwa a bayansa, irin ta Machakos da Kitui a Kenya tana da kyau a ƙoramar da ke ƙafewa, muddin akwai dutse a ƙasa da za a kafa bango a kai. Yashi mai gwaɓi yana riƙe ruwa kashi 25 zuwa 40 na girmansa, rana ba ta shanye shi. In aka gina bangon da tsayi lokaci ɗaya, laka ce za ta cika bayansa, laka kuwa ba ta sakin ruwa. A riƙa ƙara tsayi kaɗan-kaɗan, damina bayan damina.

Shingen tare ambaliya kuwa ina roƙon ƙaramar ƙungiya ta nisance shi. Ruwan da ka tare a nan ƙauyen gaba zai je. Bangladesh ta kewaye yankunan bakin teku 139 da shinge tun shekarun 1960. Lakar da a da take bazuwa a fili sai ta taru a cikin koguna, gindin kogi ya fi gonaki tudu, ruwan sama ya rasa mafita. A shekarun 1990 mazauna wasu wuraren da kansu suka sare shingen.

Zafi ma yana kisa, ba a dai cika ƙidaya shi ba. A Mayun 2010 birnin Ahmedabad na Indiya ya yi asarar mutum sama da 1,300 fiye da yadda aka saba. Shirin da suka fara a 2013 ba shi da tsada: gargaɗi mai kala, ruwan sha a tituna, horar da ma'aikatan asibiti, sauya lokacin aikin leburori. Shafa wa rufi farar ƙasa yana rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5, sai dai a sabunta duk shekara.

Malam_Sandar_Awo

Ina tare da Injiniya, illa a kan shinge. Ɗan gajeren shinge da ke kewaye rijiya, rumbun gari ko asibiti ba ya tura ruwa mai yawa ga kowa, kuma yana ceton abin da ake buƙata washegari. Dogon shinge na bakin kogi ne abin tsoro, musamman da yake yana sa mutane su saki jiki su yi gini a bayansa.

Hajiya_Mai_Lissafi

Saura wanda ke riƙe da kuɗin, kuma a ganina a nan ne ayyuka suka fi mutuwa. A taron sauyin yanayi na Kofanhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara kafin 2020. Sai a 2022 aka ce an cika, kuma kaso mai yawa rance ne. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa ƙasashe masu tasowa na buƙatar dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara don jure sauyin yanayi, abin da ya shigo musu daga waje a 2022 kuwa kimanin biliyan 28 ne. Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022 ya tashi da alkawarin kusan dala miliyan 700 a taron Dubai na 2023, alhali ambaliyar Pakistan ita kaɗai ta ci wajen biliyan 30. Wani bincike na cibiyar IIED ta Landan a 2017 ya gano cewa abin da aka nufa kai tsaye ga matakin ƙananan hukumomi da al'umma bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Kada ki gina shirinki a kan cewa wani babban asusu zai karɓa bayan shekara uku. Manyan asusun sauyin yanayi na duniya irin su Green Climate Fund da Adaptation Fund sai ta hukumar da suka tantance ake shiga, kuma abin yana cin shekaru. Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda a shekarun baya ya saba ba da har dala 50,000, shi ya fi kusa da hannun ƙaramar ƙungiya.

Tsarin da ya cancanci a kwaikwaya shi ne na gundumomin Kenya irin su Isiolo, Wajir da Makueni. Gunduma tana ware kashi 1 zuwa 2 na kasafin ayyukan raya ƙasa. A cikin asusun, kashi 70 na ayyukan da kwamitin mazaɓa ya zaɓa ne, 20 na ayyukan gunduma baki ɗaya, 10 na gudanarwa. Ana faɗa wa kwamiti adadin kuɗinsa tun farko, jami'an fasaha su taimaka a gyara shawara, amma ba su da ikon soke ta in ta cika sharuɗɗa. Mutanen da suka san nawa ke hannunsu ba sa kawo dogon jerin buƙatu. Zama suke su yi gardama su fitar da biyu. Sau da yawa abin da suke zaɓa gyaran tsohuwar madatsa ne ko katange tafki, ba sabon gini ba.

Ke ma ki yi haka a ƙauyukanki. Ki faɗi adadin a bainar jama'a, ki liƙa shi a bango. Ki ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don gyara da horar da masu gyara. Zaman mata ki yi shi daban, a lokacin da suka sauke tukunya, in ba haka ba za su zo su zauna a baya su yi shiru. Makiyayan da ke zuwa da rani, da baƙin da ambaliya ko rikici ya koro, da masu noman haya, ba sa cikin littafin mai gari, kuma galibi su ne a bakin kwari. Sai an neme su da gangan. Jerin waɗanda za su samu kuɗin gaggawa a karanta shi da ƙarfi a taro, a bar mako guda don ƙorafi, a sabunta shi kafin kowace damina domin lambobin waya suna mutuwa, mutane suna ƙaura. Hanyar kai ƙorafi kuma kada ta bi ta hannun kwamitin da ya rubuta jerin. A ba da lamba daban, a hannun wanda ba ɗan ƙauyen ba, a kuma riƙa sanar da abin da aka yi a kan kowane ƙorafi a taro na gaba.